Tafiya Kumasi a kan Maganar Injin Katako

Abu biyu ne suka kai ni Kumasi. Na farko ɗaurin auren 'yar kawuna, wanda ya bar Kano tun yana saurayi ya bi fataucin goro, ya zauna a unguwar Aboabo har ya ga jikoki. Na biyu kuwa wani inji ne da ya daɗe a shagon ƙofar gidana ba ya motsi. Ni ma'aikaci ne, amma aikin kafinta nake ba yammacina da ranakun hutuna. Da wani kamfanin kujeru ya rufe a Sharaɗa aka yi gwanjon kayansa, sai na tattara ɗan abin da na tara na sayi injinsu guda, ƙirar Beljiyam, irin wanda ya haɗa aiki biyar a jiki ɗaya: yana tsaga katako da zarto, yana goge fuskarsa, yana daidaita kaurinsa, yana fitar da ado a gefensa, yana kuma huda ramin haɗi. Nauyinsa ya kai rabin tan, a cikinsa akwai moto uku, kowane mai ƙarfin doki uku. An ƙera shi don wuta mai layi uku irin ta masana'anta, gidana kuwa layi ɗaya aka ja mini, yadda aka ja wa kowa a unguwa. Da na yi wa Kawu zancen a waya, sai ya ce, "Ka taho da hotunansa da awonsa, ɗana. A nan akwai unguwa sukutum da ba su da sana'a sai ƙarfe."

Na shiga babbar mota a Sabon Gari da rana tsaka. Zariya da Kaduna duk da sauran haske muka wuce su, Abuja kuma da dare. Tsakanin Kano da Legas ya haura kilomita dubu, kuma wanda ke da ido a kan katako ba zai rasa abin kallo a hanyar nan ba. Tun daga gadar Kwara kafin Lokoja muka riƙa cin karo da tireloli maƙare da katako sun nufo Arewa. Wannan shi ne katakon da muke zuwa saye a Na'ibawa da Rijiyar Lemo, daga dazukan Ondo da Edo. Da na ga nisan da yake ci da irin ramukan da yake faɗawa kafin ya iso mu, sai na daina ganin baiken 'yan katako a kan tsada. Kaso mai yawa na abin da muke biya kuɗin man dizal ne da taya.

A Agege na sauka, wurin wani abokin karatuna da ke sayar da hatsi. Agege ba ta bari mutum ya ji baƙunta: ga masallaci, ga mai shayi, ga mai tsire, Hausa ko ta ina. Ya hana ni taɓa aljihuna, ya kuma raka ni tasha da asuba ya damƙa ni a hannun direban da ya sani. Daga nan zuwa Seme tafiyar ba nisa, shingaye ne ke cin lokaci. Fasfo na ECOWAS da katin allurar shawara suna hannuna, aka buga hatimi, muka tsallaka.

A Kwatano na fara jin yadda naira ta yi sauƙi a hannu. Sefa dubu ɗaya a lokacin ta haura naira dubu biyu, don haka burodi dogo mai ƙwari da ƙwai da shayin da na karya da su suka ci kuɗin da zai ishe ni kalaci da abincin rana a Kano. 'Yan acaɓarsu masu rigar ɗorawa sun cika gari, amma kowa da hular kwano a kansa. Daga nan hanya ta bi gaɓar teku, bishiyoyin kwakwa a hagu da dama, ta Wida har iyakar Togo, inda na mayar da agogona baya da awa ɗaya. Togo ta bakin teku siririya ce, faɗinta bai kai kilomita sittin ba. Kafin in gama kallon manyan jiragen da ke jiran shiga tashar Lome, har mun iso Aflao, domin iyakar Gana a bakin birnin take. Muka haye kogin Bolta a Sogakope, muka shiga Ankara, babban birnin Gana, bayan isha.

Na kwana a Nima, a gidan surukan Kawu. Da safe aka kawo mini koko mai zafin citta da kanumfari, da ƙosai manya. Sidi ɗaya a lokacin ya haura naira ɗari, sai ya zamana duk abin da aka faɗa mini kuɗinsa ina ninkawa a zuci ina jinjina kai. Akwai kuma wani abin da ke rikita baƙo: tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, amma tsofaffi da 'yan kasuwa da yawa har yau da tsohon lissafi suke magana. Tsohuwa za ta ce maka miliyan ɗaya, alhali sidi ɗari take nufi.

Ankara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma cunkoso ya sa ya ci mana fiye da rabin yini. Ƙasar kore shar, gonakin koko da na ayaba, ga duwatsun Kwahu sun yi wa garin Nkawkaw rumfa. A nan ma motocin gungume ne ke wucewa, itace ɗaya ko biyu sun cika tirela.

Kawu ya tarye ni a tasha da kansa, duk da ƙafarsa da ke damunsa. Karɓar baƙo a Zango, inda Hausawan garin suke zaune, irin tamu ce ta dā, wadda ta fara ƙaranci a biranenmu: ruwa tukuna, sannan gaisuwa mai tsawo, sannan a zaga da kai gida gida a ce ga ɗan'uwa daga Kano. Kowane gida sai an tambaye ni wata unguwa ko wani masallaci da kakansu ya taɓa ba su labari. Zaman Hausawa a nan tsoho ne. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa kasuwar can, da yawa suka gangaro kudu, Kumasi ta zama matattara. Hausarsu ta ɗan sha bamban da tamu, amma ba abin da ya ɓace mini. Abinci kuwa na ci shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba a ganye, a sa baƙin yaji mai kifi. Na ci tuwon zafi da miyar lalo, na ci sakwarar rogo da ayaba. Aka ɗaura aure ranar Lahadi bayan azahar, aka yi walima lafiya, washegari Kawu ya ce in ɗauko takarduna.

Suame Magazine, unguwar ƙarfen da ya ba ni labari, tana arewa maso yammacin birnin, a kan hanyar da ta nufi Techiman. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa zai gane irin wurin, sai dai wannan ta ninka su nesa ba kusa ba. Ana yawan cewa masu sana'a a cikinta sun kai dubu ɗari biyu. Ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, ƙarar guduma ba ta yankewa, walda tana walƙiya ta kowace kusurwa. Gyaran mota shi ne babban aikinsu, amma akwai layuka na masu ƙera inji: na niƙa, na gurzar rogo, na matsar manja, na katako. Wannan bai zo haka kawai ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a tsakiyar kasuwar a 1980, ta kawo injinan sassaƙa ƙarfe, ta koya wa masu sana'a zubin ƙarfe, kuma tun a wancan zamani aka fara ƙera wa kafintocin garin teburin zarto a nan gida. Abin ya tsaya mini a rai. Muna da jami'o'i da kwalejojin fasaha a Kano da Zariya da Kaduna, muna da maƙera masu basira, amma tsakaninsu akwai katanga mai tsawo.

Mutumin da Kawu ya kai ni wurinsa dattijo ne haifaffen Zango, kakansa daga ƙasar Sakkwato. Yaransa Masta suke ce masa, ni ma na bi sahu. Bai kalli hoton injin gaba ɗaya ba sai daga baya. Hoton ƙaramin allon da ke manne a jikin moto ya nema, ya kira yaro ya ƙara masa girmansa a waya.

"Malam, ka ga nan? An rubuta 230 da 400. Ka yi sa'a. Da 400 da 690 aka rubuta, da maganar ta canza."

Sai ya jawo benci ya zayyana mini hanyoyin da ake bi. Akwai masu cire moto su sa na layi ɗaya. Yana yi, in ji shi, amma ni uku zan saya, kuma moton layi ɗaya ya fi ƙiba, sau da yawa ba ya shiga gurbin na asali sai an yanke jikin inji. Akwai masu ɗaura wa moton layi uku kwandansa su tayar da shi a layi ɗaya. Wannan ita ce mafi araha, ita aka fi yi a ko'ina, ita ma wasu suka ba ni shawara a gida. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin moto yana tafiya, tashinsa ya yi nauyi, in ka tura masa katako mai tauri ya ɗau zafi, wata rana ka ji ƙaurin koyil. Akwai masu jingine lantarki gaba ɗaya su ja injin da ƙaramin injin fetur mai doki shida da rabi, irin na markaɗe. Ga injin da aka ƙera da sanda ɗaya wannan dabara ce mai kyau, musamman a ƙauye, amma nawa mai moto uku ba zai karɓe ta ba.

Ta huɗu ita ya zaɓa mini: inbata ta musamman da ke karɓar wuta layi ɗaya ta fitar da layi uku a 230. Abin da ake bukata kawai a buɗe akwatin wayoyin kowane moto a juya ƙananan ƙarafa ukun da ke ciki, daga haɗin 400 zuwa haɗin 230. Inbata ɗaya ta ishi moto ukun tunda ba a kunna su tare, da sharaɗi guda da ya maimaita mini har sau biyu: kada a taɓa sauya moto alhali inbata tana aiki, sai an tsayar da ita cak. Ya ce a ja mata wayarta ita kaɗai daga mita, irin wadda ake kira mai milimita huɗu, da abin katse wuta nata.

Amfaninta da ya fi burge ni shi ne tashi. Moto in aka kunna shi kai tsaye yana zuƙar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita, shi ya sa fitilun maƙwabta ke dusashewa, shi ya sa kuma ƙaramin janareta ke durƙushewa. Inbata kuwa tana tayar da shi a hankali, kamar raƙumi mai kaya da ke miƙewa gaɓa gaɓa, don haka janareta matsakaici ma ya ɗauke shi. Haka in an kashe, tana iya tsayar da zarto cikin daƙiƙa goma, wanda shi ne ƙa'idar da Turai ta gindaya wa irin waɗannan injina. Da na tambayi kuɗinta a Kumasi na juya shi zuwa naira, Masta da kansa ya ce, "Kada ka saya a nan. Kuɗinku ya faɗi, namu ya hau. Ka tsaya Alaba a hanyarka ta komawa." Mutum ne da zai iya sayar mini ya ci riba, ya zaɓi ya gaya mini gaskiya.

Ya zaga da ni ya nuna mini irin wanda suke ƙerawa. Ƙafafu na ƙarfen kwana, tebur na farantin ƙarfe mai kauri, sanda ɗaya da aka sassaƙa daga tsohon aksul na babbar mota, tana juyawa a kan boris biyu. Zarto a wannan kai, wuƙaƙen guga a tsakiya, bakin huda a ɗaya kan. Fuli kuwa a nan suke zuba shi, daga tsofaffin fistin ko fasasshen injin mota. Kuɗinsa bai kai rabin na ɗan Sin sabo ba, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ana samunsa a layi na gaba.

A nan na ga abin da ya bambanta shi da masu ƙira da ka. Kafin ya yanke girman fuli sai ya yi lissafi da alli a jikin ƙofa. Moto iri biyu ne a kasuwa: mai juyi kusan 1,440 a minti, da mai kusan 2,850. Wuƙaƙen guga suna son juyi dubu huɗu zuwa sama kafin su ba da fuska mai santsi. In motonka mai 2,850 ne, ka sa masa fuli mai faɗin milimita 150, ka sa wa sanda mai 100, ka sami 4,275. In mai 1,440 ne, dole fulin moto ya ninka na sanda sau uku. Ya ce mutane da yawa suna kawo masa inji suna kukan ba ya gogewa da kyau, ko zarto yana ƙona katako, alhali moto aka canza ba a canza fuli ba. Ya ja kunnena kuma a kan kayan Amurka na hannu: an yi su don wuta mai bugu 60, tamu da tasu duk 50 ce, don haka moto yana rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. Ramin zartonsu ma daban ne, bai kai milimita 16 ba, na Turai kuwa 30. Wanda ya cusa zarton da raminsa ya fi sanda faɗi ba tare da zoben da ya cike gurbin daidai ba, ya ɗaura wa kansa masifa.

Ban bar wurin hannu wofi ba. Na ba shi awo ya yanka mini wasu ƙananan ƙarafa da suka ɓace daga injina tun a gwanjo, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na ƙarfe. "Baƙon Alhaji ne kai," in ji shi, yana nufin Kawu. Sai na saya wa yaransa abincin rana.

Daga Suame muka nufi Sokoban, a kudancin gari, inda aka mayar da kafintoci da 'yan katakon unguwar Anloga lokacin da sabon titi ya ratsa tsohon wurinsu. Da yawansu Ewe ne daga yankin Bolta, amma akwai 'yan Arewa masu ɗauka da masu tura kura, da su na yi ta hira. Katako a nan ya fi namu sauƙi ko da an juya kuɗin, kuma ga iri iri: odum, wanda muke kira loko, da wawa mai laushi da sauƙin nauyi, da ofram, da sapele, da dangin maɗaci. Ƙamshin wurin kaɗai ya isa ya faranta ran kafinta.

Amma na fito daga Sokoban da nauyi a zuciya. A rumfuna da dama na ga zarto tsirara, ba murfi a kansa, ba komai a bayansa. Na gaisa da mutum fiye da ɗaya da hannunsa bai cika yatsu biyar ba, kuma ba tsofaffi ba ne. Irin abin da nake gani a gida ne, ba bambanci. Zarto mai faɗin milimita 300 da ke juyi dubu huɗu a minti, haƙoransa suna gudun da ya haura kilomita 220 a awa. In katako ya matse bayan zarto, haƙoran da ke tasowa suna cafe shi su wurgo shi ga cikin mai turawa, hannun da ke bin katakon kuma ya faɗa kan zarto kafin mutum ya ankara. Maganin wannan ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa a bayan zarto don ya riƙe tsagar a buɗe. Kaurinsa ya ɗara jikin zarto kaɗan, bai kai faɗin tsagar ba, tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita takwas. Guntun ƙarfe ne da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba, amma shi ake fara kwancewa a jefar, wai yana hana sauri. Yana cikin ƙarafan da Masta ya yanka mini.

Wurin da na fi ƙaruwa a tafiyar nan duka ba kasuwa ba ne. Wani aminin Kawu ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana da ɗan ɗakin aiki a bayan gidansa a Tafo. Injinsa ƙarami ne ɗan Sin, mai aiki uku, irin wanda ake samu a kasuwanninmu. Abin da ya mayar da shi ne abin kallo. Ɗakin bai fi taku biyar ba, katako kuwa ƙafa goma sha biyu ne tsawonsa, kuma yana bukatar fili irin tsawonsa a gaba da irinsa a baya. Sai ya ɗora injin a kan tayoyi masu birki, ya saita shi daidai ƙofa da taga, katako ya shigo ta nan ya fita ta can ya sauka a kan wani benci da ya yi daidai tsayin teburin inji. Ƙarfen jagora da ya zo da injin siriri ne mai lanƙwasa, sai ya ɗaura masa miƙaƙƙen odum. A ƙafafun ya zuba kankare don ya rage rawa. Wuƙaƙen guga da zarto a sanda ɗaya suke, in ɗaya na juyawa duk suna juyawa, don haka ya yi wa kowane murfin katako, wanda ba a aiki da shi a rufe yake.

"Baba, me ya sa ka canza makunnin?" na tambaye shi, ganin wani akwati mai maɓalli kore da ja wanda ba na injin ba ne.

Ya ce shekarun da Gana ta yi fama da ɗauke wuta ne suka koya masa. Makunni na gama-gari in aka ɗauke wuta yana nan a kunne. Kai kuma ka ga inji ya tsaya, ka sa hannu kana share gari ko kana kwance zarto, sai wuta ta dawo. Wannan nasa kuwa da zarar wuta ta yanke yake sakin kansa, ba zai tashi ba sai an sake danna kore. Na yi shiru ina tuna sau nawa ake ɗaukewa a dawo da ita a yini ɗaya a unguwarmu. A ganina duk mai injin katako a Nijeriya, a gida ko a kasuwa, wannan ne abin da ya kamata ya fara saye, kafin sabon zarto. A bango kuma ya sa wa babban makunni kwaɗo, mabuɗin yana aljihunsa, saboda jikoki.

Ya nuna mini yadda yake saita wuƙaƙen guga ba tare da wani ma'auni mai tsada ba. Bayan ya zare wuta, sai ya ɗora miƙaƙƙen guntun katako a teburin baya, ya juya sandar da hannu. Wuƙa ta ɗan ɗauki katakon ta matsar da shi milimita uku ko huɗu. Haka zai gwada a wannan gefe da wancan, a kowace wuƙa, har duk su matsar da shi daidai wa daida. In ɗaya ta fi fitowa, ita kaɗai ke aiki, fuskar katako ta fito da kunya kunya. Ba ya cin fiye da milimita biyu a wuce ɗaya, ba ya goge guntun da bai kai ƙafa ɗaya ba, kuma sandar turawa tana rataye inda hannu zai kai gare ta. Zartonsa biyu ne, mai haƙora 24 don tsagawa a tsaye, da mai 60 don yankan gicciye da filawud. Da ya dubi kaftanina mai faɗin hannu, sai ya ce, "Wannan rigar ta masallaci ce, ɗana. Kada ta kusanci injin nan." Haka zobe, haka carbi a wuyan hannu.

Sai kuma maganar tsari, wadda ita ce sirrin inji mai aiki da yawa. Sauya shi daga wannan aiki zuwa wancan yana cin lokaci, kuma duk saitin da ka kwance sai ka sake nemansa. Don haka shi ba ya taɓa inji sai ya rubuta dukkan guntayen da aikin ke bukata a takarda. Ya goge fuskokinsu duka a zama ɗaya, ya daidaita kaurinsu duka, sannan ya koma zarto, huda ta zo ƙarshe, kuma kullum yana haɗawa da guntu ɗaya ko biyu na ƙari don gwaji. Ya ce wanda ke yawo tsakanin zarto da guga sau goma a yini shi ne ke cewa irin wannan inji ba shi da amfani.

Matarsa ta aiko mana da soyayyar ayaba da gyaɗa, muna ci muna kwatanta garuruwanmu. Abokin gabarsa laima ce: teburin ƙarfe yana tsatsa cikin kwanaki in bai shafa masa kakin zuma ba. Ni kuwa nawa ƙura ce da bushewa. Katakon da ya taso daga kurmi da ruwansa, in aka yi ƙofa da shi nan take a Kano, hunturu na zuwa zai tsuke ya buɗe baki a mahaɗa. Ya ce in riƙa jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har ya saba da iskar garin kafin ya hau inji. Ya ƙara da cewa garin odum yana tayar da asma, kada in yi wasa da abin rufe hanci, kuma inbata ba ta shiri da garin katako, sai a akwati mai mashigar iska nesa da zarto.

Ranar da zan taso, Kawu ya cika mini jaka da goro da garin rogo da kwalbar baƙin yaji, mata suka ba da saƙon atamfa ga dangi. Na biyo hanyar da na zo. A Alaba, wadda ke kan titin Badagry, na sayi inbata da makunni mai sakin kansa, kuma kuɗin ya yi ƙasa da na Kumasi yadda Masta ya faɗa.

A gida na kira mai gyaran lantarki na unguwarmu muka juya haɗin moto ukun, muka ja sabuwar waya daga mita. Na juya injin ya fuskanci ƙofar shago, katako yana fita ta zaure, na kuma yi magana da maƙwabta muka tsayar da lokacin aiki: bayan la'asar zuwa kafin magariba, da safiyar Asabar. Janareta na gida yana tayar da shi ba gardama. Abin da ya rage shi ne na'urar zuƙe gari, wadda na ba wani maƙeri a Dakata zanenta. Na kuma kwafi siffar ƙarfen bayan zarto a kwali na kai wa kafintoci biyu da nake sayen katako kusa da rumfarsu a Na'ibawa. Ɗaya ya sa an yanka masa a makon, ya ɗaura. Ɗayan ya ce sandar injinsa ba ta da wurin kafa shi, don haka mun yi da shi zan koma da mai walda ranar Asabar mu yi masa mazauni.